Witcher 3 ko Elden Ring? Amsoshin tambayoyinku kan wasannin PlayStation

Wani ɗalibi daga Jami'ar André Salifou ya rubuto: "Ina da PS4, kuma kuɗin faifai ɗaya ne a hannuna. A fadarmu an rabu biyu, wasu na cewa Elden Ring, wasu The Witcher 3. Wanne zan saya?"

Ɗan'uwa, sayi Witcher 3, kuma ka nemi wanda aka rubuta Game of the Year Edition a kwalinsa. Wasan ya fito a 2015, wannan bugun kuma a 2016, da ƙarin labarai biyu, Hearts of Stone da Blood and Wine, duk a cikin faifan. Ke nan ba za ka ƙona kuɗin intanet wajen sauke su ba. Mai bin kowane lungu zai haura awa 100 bai gama ba.

Mutanen Elden Ring ba ƙarya suka yi ba. A wajen faɗa da takobi ya fi Witcher nesa ba kusa ba, domin kowane dodo yana da salon sararsa, sai ka karance shi kafin ka kayar da shi. Amma wasan na 2022 ba ya lallashin kowa. In aka kashe ka, dukiyar da ka tara tana zubewa a wurin, in aka sake kashe ka kafin ka koma ka kwasa, ta tafi ke nan. Ba shi da maɓallin tsayar da wasa, ko sallama aka yi maka a ƙofar gida dodon bai san zancen ba. Labarinsa kuma a warwatse yake cikin bayanan makamai. Witcher 3 kuwa labari ne ƙashin bayansa: ka zaɓi abu a wani ƙauye, bayan awanni sakamakon ya tarar da kai. Kana iya rage wahalarsa, kana iya adana wasanka kusan duk inda kake. Ga mai fama da ɗaukewar kuran a watan Afrilu da Mayu, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Sai ka lura da harshe. PS4 tana karanta faifan kowace ƙasa, amma harsunan da ke ciki sun danganta da inda aka buga shi. Na Faransa yana magana da Faransanci, wanda ya biyo ta Kano kuwa ba lalle ba. Ka sa mai shago ya kunna shi a gabanka, ka shiga wajen zaɓen harshe ka gani da idonka. Wasan da rabinsa hira ce ba ya daɗi in ba ka jin abin da ake faɗa.

Wani magidanci daga Birni ya ce: "'Ya'yana biyu, babban shekararsa 13. Wanne ya dace da su?"

Alhaji, ba ko ɗaya cikin biyun nan. Duba lambar PEGI a gaban kwali, mai nuna shekarun da suka dace da wasa: Witcher 3 na 'yan 18 ne, akwai tsiraici da zubar da jini, Elden Ring na 'yan 16. Nemi Dragon Quest XI, mai lamba 12. Faɗansa bi da bi ne, yaro ya zaɓi abin da zai yi sannan abokin gaba ya rama, ga karatun Faransanci mai yawa a ciki. Akwai sihiri da dodanni kamar sauran irinsa, sai ka zauna ka kalla tukuna ka yanke hukunci.

Daga Sabon Gari: "An yi mini tayin PS5 marar faifai da sauƙi. Ina son Baldur's Gate 3."

Malam, bar ta. Gaskiya wasan na 2023 ba ya kan PS4, amma na'ura marar faifai komai sai an sauke, kuma wannan ya haura giga 100. Mai faifai tana karɓar faifan PS4, kana iya aro, kana iya sayarwa.

Ta ƙarshe daga Zango: "Kuran ya ɗauke ina cikin Skyrim, yanzu na'urar tana ta tsayawa."

Kashe PS4 ɗin gaba ɗaya. Danna maɓallin kunnawa ka riƙe har ka ji ƙara ta biyu, wajen daƙiƙa bakwai. Haɗa manet da wayar USB, ka zaɓi na biyar a jerin, mai sake gina rumbun bayanai. Ba ya goge wasanni. Kada hannunka ya kai na shida ko na bakwai, su suna share komai. In wasan da ka adana ya riga ya lalace, wannan ba zai dawo da shi ba, sai ka koma wanda ya gabace shi. Daga yau ka riƙa kwafe abin da ka adana a kile USB duk mako, PS4 ta yarda da haka kyauta. Ka kuma sa ondilar, wato na'urar da ke riƙe wuta in kuran ya ɗauke, ko mai 650VA ce, za ta ba ka mintocin adanawa da kashewa. In kuma tsayawar tana zuwa da kukan fanka, ƙurar hunturu ce ta toshe kafofin iska, sai ka kai wa mai gyara ya buɗe ya share.