Gemu da ƙarfin jiki

Ɗan'uwa, ka tambaya ko rashin cikar gemunka na nufin jikinka ba ya sarrafa abinci yadda ya kamata. A'a. Gemu alamar balaga ce. Sinadarin mazakuta, wato testosteron, ne ke tayar da shi, bayan jiki ya juya sinadarin zuwa wani nau'insa da ake kira DHT, amma yawan gashin gado ne. Dubi haɓar mahaifinka da ta kawunanka. A kan amfanin gemu kuwa, tun 1871 masanin halittu Darwin ya ce ado ne da ke jan hankalin mata, wasu masana kuma suna ganin kwarjini yake ƙara wa namiji a gaban maza.

Inda zan ce ka kula shi ne idan da gemun yana da kauri, sai ya fara zubewa, ga kasala, ga jin sanyi ko a zafin Afrilu na Maradi. Na ga haka ga wani maƙwabcinmu, ashe ƙwayar maƙogwaronsa, wadda in ta kumbura take zama maƙoƙo, ita ta rage aiki. Ƙarancin jini ma kan kawo haka. Je asibiti a auna jininka, kar ka ɓata kuɗi a kan man gemu na kasuwa.