Amsar murya: me ya sa 'yan kunnen akirilik ke tsagewa a bakin huda?

Assalamu alaikum 'yan'uwa, barkanku da warhaka. Ƙanwata, na ji tambayarki, kin ce 'yan kunnen da kike yi suna tsagewa daidai inda kika huda, gefensu kuma yana yin zane-zane kamar gashi. To ki kwantar da hankalinki, abin yana da magani.

Kin ga akirilik ɗin nan, wanda wasu ke kira Perspex ko Plexiglas, roba ce da aka fara sayarwa a Jamus tun 1933. Nauyinsa bai kai rabin na gilashi ba, shi ya sa muke son sa, ɗan kunne ya yi girma amma bai ja kunne ba. To amma iri biyu ne, kuma nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Akwai na zubi, wanda ake zuba ruwansa tsakanin gilasai biyu ya daskare. Akwai na matsi, wanda inji ke turo shi falle-falle. Na matsin ya fi araha, amma yana saurin narkewa, yana manne wa zarto, kuma shi ya fi tsagewa. Don Allah in kayan ado za ki yi, nemi na zubi, mai kaurin milimita 3. Ni dai ban ga amfanin arahar da za ta sa mai saye ta dawo miki da kaya a karye ba.

Sai maganar huda. Kar ki matso da ramin bakin gefe, bar kamar milimita 2 tsakani. Ki sa katako a ƙasa, ki huda a hankali, kar ki danna, ki bar bakin abin hudar ya ci da kansa. In ya yi zafi ki dakata. Kuma ledar nan da ke manne a jikinsa, kar ki ɓare ta sai kin gama komai.

Zane-zanen gefen kuwa, ina kyautata zaton da sifirit kike gogewa, ko ruwan goge jan farce. Wallahi ki daina. Musamman in da leza, wato injin da ke yanka da haske, aka yanka, zafin yana barin gefen a ɗaure, sifirit na taɓa shi sai ya daddare, wani lokaci nan take, wani lokaci sai an kwana. Ruwa mai ɗumi da ɗan sabulu da ƙyalle mai laushi sun isa. Ki riƙa faɗa wa masu saye ma, su fesa turare ya bushe kafin su saka.

Af, tunda na ambaci leza: kar wanda ya sa robar PVC a ciki don ta yi kama da akirilik. Hayaƙinta guba ne, yana cin huhu, yana cin injin.

In da hannu kika yanka, ki bi gefen da magagari, sannan samfefa a jiƙe, daga lamba 400 zuwa 800, har 2000, za ki ga ya yi santsi. In mannawa za ki yi, sufa-gulu yana barin farin hazo, gara gam mai haɗi biyu. Ƙugiyar kuma ki zaɓi wadda babu ƙarfen nikel a cikinta, kunnen wasu ba ya ɗauka.

Ki ɗauki hoton tsagar ta kusa ki turo, in gani ko daga ramin ta faro.