Amsa kan man kurajen fuska mai tambarin "nano"

'Yar'uwa, kin tambaya ko man "nano" ya fi sauran. A irin wannan man, ana narkar da maganin ne, kamar adapalene ko tretinoin, cikin mai, sannan a farfasa shi cikin ruwa ya zama ɗigo ƙanana ƙwarai, yawanci ƙasa da nanomita 200 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan ɗaya na mita). Ƙanƙantar ce ke taimaka masa shiga ƙofofin gashi, inda maiƙo da ƙwayoyin cuta ke taruwa. Amma tambari kaɗai bai isa ba, ki duba lambar NAFDAC. Da dare za ki shafa, domin hasken ranar Gombe na ƙara raɗaɗi, kuma sai kin jure shafawa makonni 8 zuwa 12 kafin ki ga amfaninsa. In kina da juna biyu, don Allah kada ki shafa, ki fara ganin likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya.