Amsa ga Kawu a Damagaram: zagayen tafki da karnukan Holand

Assalamu alaikum Kawu. Ina gaishe ku da ladabi, da fatan kuna lafiya ku da iyali da dukan mutanen gida a Birni.

Saƙon muryar da kuka bar mini a WhatsApp sau uku na saurare shi. Kun ce an nuna muku hotona da yara a bakin ruwa, ga wata tsohuwar Baturiya riƙe da kare, har autata ta durƙusa kusa da shi. Kuka tambaya ko aikin yi muka rasa da za mu riƙa zagaya ruwa da ƙafa, ba saye ba sayarwa, sannan ko kare ya shiga gidana ne. Bari in fara da wadda ta fi damunku: kare bai shiga gidana ba, kuma ba zai shiga ba. A cikin Hausawan da muke zumunci da su a nan, ƴan Nijar da ƴan Najeriya da ƴan Zangon Kumasi, ban san gida ɗaya da ake kiwon kare ba.

Batun yawon kuwa, sai kun san yadda ƙasar take. Holand shimfiɗe take kamar tabarma. Wanda ya tashi yana hawan duwatsun Birni, idonsa kan daɗe yana neman tudu bai samu ba. Wurin da ya fi ko'ina tsawo yana can ƙarshen kudu, mita 322 kacal, kuma kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙasar teku ya fi shi tudu, madatsu da injinan zuƙe ruwa ne ke riƙe da shi. Unguwarmu ta Bijlmer, a kudu maso gabashin Amsterdam, ita kanta tafki ce da aka ƙafar tun ƙarni na 17. Da aka zo gina ta, aka buƙaci yashi don a ɗaga ƙasa, ramin da aka haƙa ya cika da ruwa, shi ne tafkin Gaasperplas da kuka gani. Wato kududdufi ne, Kawu, irin namu da ake bari bayan an ɗebi ƙasar gini. Bambancin shi ne su sun dasa itatuwa kewaye da shi, har an yi babban baje kolin furanni da lambuna a wurin a 1982, aka shata hanyar ƙafa, aka kafa bencina. Zagaye ɗaya yakan ɗauke ni awa guda da ɗan wani abu.

Ku a gida ba ku buƙatar ware lokacin tafiya. Daga Birni zuwa kasuwar Dole, zuwa masallaci sau biyar, zuwa gaisuwar mutuwa da suna, ƙafa ta riga ta biya bashinta. Mu nan daga ɗaki sai jirgin ƙasa, daga jirgi sai wurin aiki, a rufe. A watan Disamba rana ba ta fitowa sai kusan ƙarfe 9 saura kwata, ƙarfe 4 da rabi ta faɗi, mutum ya fita da duhu ya dawo da duhu. Shekara ta shida da zuwana likita ya ce sukarina ya fara hawa, ya ce kafin magani in fara da tafiya. Haka na shiga, daga baya abokai suka biyo ni. Yanzu duk Lahadi bayan azahar mu biyar ko shida muke haɗuwa, da shayi a fulas. Ita ce fadarmu. A kan wannan hanya ake jin wanda aikinsa ya tsaya, wanda takardunsa suka fito, wanda za a tara wa gudummawa domin an yi masa rasuwa a gida. Abin da ba a iya faɗa a cikin ɗaki gaban yara, a bakin ruwa yake fita.

To amma hanyar ba tamu ce mu kaɗai ba, kuma mafi yawan masu binta da karnukansu suke zuwa. Abin da ya sa zama ya yiwu shi ne doka. Akwai alluna a mashigar kowane wuri: nan kare sai da igiya, nan an yarda a sake shi ya yi gudu, nan kuwa, kamar filin wasan yara, ba ya shiga sam. Mai kare yana yawo da ƴar leda a aljihu, in karensa ya yi kashi ya duƙa ya kwashe da hannunsa, in ya bari aka kama shi tara ce. Tun 2013 duk ɗan kwikwiyon da aka haifa sai an sa masa ɗan ƙanƙanen guntun lantarki a ƙarƙashin fata mai lambar rajista, wasu garuruwa ma har harajin kare suke karɓa. Daga 15 ga Maris zuwa 15 ga Yuli, lokacin da tsuntsaye ke ƙwai a cikin ciyawa da kacalla, wurare da yawa ana tsananta dokar igiya. Mu da muka san waɗannan alluna, da su muke zaɓen hanya. In da mata da yara, sai mu bi inda igiya ta zama dole, ko da ya fi nisa.

Ba zan ce muku kullum lafiya ake rabuwa ba. Wata rana wani ƙaton kare da aka saka ya sheƙo da gudu ya ɗora ƙafafunsa biyu a jikin maiɗakina, ya ɓata mata hijabi da taɓo. Mai shi yana tafe a hankali yana cewa “ba ya komai”, maganar da kusan duk mai kare a nan yake yi. Ita kuwa tana ƙarama ta ga yaron maƙwabta da mahaukacin kare ya ciza, ta ga yadda ya ƙare. Jikinta ya yi ta rawa har gida, ta yi wata uku ba ta koma bakin tafkin ba. Mutanen nan sun manta da haukan kare domin an kawar da shi a ƙasarsu, shi ya sa tsoronmu yake ba su mamaki. Ni a ganina mai karen ne da laifi, na kuma faɗa masa a wurin, ba tare da zagi ba.

Batun tsarki kuwa kun fi ni sani, a gabanku na yi karatun allo. Abin da muka taso a kai na Malikiyya shi ne kare mai rai ba najasa ba ne, wanke ƙwarya sau bakwai idan ya sha a ciki bin umarni ne. An kuma halatta karen farauta da na kiwo da na gona, kamar na maharba da makiyayan da ke shigowa Damagaram. Abin da aka hana shi ne ajiye shi haka kawai. A tsakaninmu akwai masu tsanantawa, in kare ya shinshini wandonsu sai sun canza. Ba ma gardama a kai. Yawancinmu mun ware kayan yawo daban, kuma ina ɗauke da ƴar darduma a jaka, in la'asar ta same mu sai mu nemi busasshen wuri nesa da hanya mu yi salla.

Inda abin yake da wuya shi ne yara. Babban ɗana yana da shekara 9 ya dawo daga lakwal ya ce duk abokansa suna da kare, shi ma yana so. Ban ce masa kare abin ƙyama ne ba, domin gobe zai zauna aji ɗaya da masu kwana da shi. Na ba shi labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa, na ce halittar Allah ce, ba a jifanta ba a zaluntarta, amma gidan da ake salla ba wurinta ba ne a wajenmu. Ya yi kuka, ya haƙura.

Tsohuwar da ke cikin hoton maƙwabciyarmu ce. Mijinta ya rasu, ƴaƴanta suna wani gari, sai a yi wata ba su leƙo ba. Wannan ɗan karen shi ke fitar da ita sau uku a rana, da shi take magana. Ta taɓa tambayata me ya sa nake ja da baya in sun matso, na yi mata bayani, tun ranar in ta hango maiɗakina sai ta naɗe igiyar a hannu ta raɓe gefe har mu wuce. Ita ce ma ta lallashi maiɗakina ta koma yawon. Abin da ke sosa mini rai game da matar nan, Kawu, tsohuwa ce mai shekara kusan 80 da ba ta da mai ce mata ina kwana. Da Salla mukan kai mata tuwo da nama, yara kuma suna ɗauko mata kaya daga kanti.

Kun tambayi hatsari. Akwai kaska a cikin doguwar ciyawa, tana sa ciwo, don haka muna duba jikin yara in mun dawo. Da zafi wata gansakuka mai guba takan rufe ruwan, sai a kafa allon gargaɗi, ba mutum ba kare. Ramin yashi kuma yana da zurfi da sanyi, yaran duka sai da suka koyi iyo kafin na bar su su matsa baki.

Akwai tsattsewa da wani irin zalɓe da ke ƙyanƙyasa a tafkunan nan, in sanyi ya gabato su ƙetare hamada su sauka Afirka ta Yamma. Duk sanda na nuna wa yara su, sai su tambaye ni ko a garinmu akwai tafki. In Allah ya kai mu hutun Agusta ina so mu je tafkin Gidimuni tare da ku, mu biya ta lambunan Mirya, su zagaya da ƙafarsu. Ku gaishe mini da Inna, ku ce mata saƙon maganin ƙafarta yana hanya.