Ƙaramin jirgi da babban inji, ko babban jirgi da injinsa na asali?

Tambaya: Salam Malam. Ina Yauri, na tara kuɗi zan sayi jirgin ruwa na faiba mai gudu, na fita da iyali a tafkin Kainji wani lokaci kuma na ba da haya. An nuna min guda biyu a Legas. Ɗaya ƙafa 17 mai shafaffen gindi, an rubuta masa inji mai ƙarfin doki 90 amma mai shi ya ce zai ɗora min inji mai doki 150 wai sai ya fi tashi. Ɗayan ƙafa 19 ne mai tsinin gindi da injin Yamaha mai doki 115, ya fi tsada kuma ya ɗan tsufa. Tsoro nake kar in zuba kuɗina in jawo wa kaina abin kuka.

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji. Tsoron nan naka a kan hanya yake, mai ƙafa 17 ɗin nan da doki 150 kar ma ka je gwaji. Wallahi na gaji da wannan magana ta a ƙara inji jirgi ya tashi, kullum sai an zo min da ita, kuma masu yaɗa ta dillalai ne da bakanikan babur da suka wayi gari suka koma gyaran jirgi. Lambar doki 90 da ka gani a ɗan farantin nan kusa da sitiyari ba ado ba ce. A Amurka doka ce duk jirgi irin wannan da bai kai ƙafa 20 ba sai an liƙa masa ita, kamfanin ya auna girman jirgin da na bangon baya, inda ake ɗora inji, sannan ya rubuta 90. Inji mai doki 150 ya fi na 90 nauyi sosai, duk kuma a wutsiya zai zauna, sai bayan jirgin ya nutse gaba ya ɗaga, kana sakin wuta da sauri igiyar ruwan da ka tayar da kanka ta biyo ka ta shigo ta baya. In kuma ka ja wuta sosai jikin jirgin ya fita daga ruwa fiye da yadda aka ƙera shi, ya fara rawa dama da hagu, sabon direba ya firgita ya murɗa sitiyari, shi ke nan an kife. Bangon bayan nan galibi katako ne a ciki aka lulluɓe da faiba, ba ya karyewa rana ɗaya, tsagewa yake a hankali ruwa na shiga yana ruɓa har ranar da inji zai ɓalle da shi a tsakiyar tafki.

Kuma gudun da ake maka alkawari nawa ne? Ko ka ninka ƙarfin inji sau biyu gudu ba ya ninkuwa, abin da yake ƙaruwa kusan kashi 40 cikin ɗari ne kawai, daga 90 zuwa 150 ma bai kai haka ba. Mai kuwa ba ya ragi, inji mai haɗin fetur da baƙin mai na doki 150 a cikakkiyar wuta yana shan sama da lita 50 a awa ɗaya. Ka lissafa da kuɗin lita a Yauri yau ka ga ko hayar za ta fitar.

Mai ƙafa 19 ya fi dacewa da ruwanku, don Kainji ba kududdufi ba ne, in iska ta taso igiyar ruwa na da ƙarfi, mai tsinin gindi yana yanka ta shi kuwa shafaffe dukan ta yake har bayan mutum ya yi ciwo. Illar mai tsinin gindi ita ce yana cin zurfi, kuma tun da aka gama dam ɗin a 1968 akwai kututturan itatuwa a ƙarƙashin ruwa, lokacin janyewar ruwa sai ka ɗauki ɗan gari wanda ya san hanya.

Amma tsufansa sai an bincika. Ka ɗaga injin sama ka danna ƙafarsa da ƙarfi kana kallon bangon baya, in ya motsa ko ka ga tsaga ko ruwa mai launin shayi na tsatsafowa ta ramin ƙusa, ka bar musu kayansu. Ka taka daɓen ciki ko'ina ka ji ko yana lotsawa. A sa geji a auna matsin kowace silinda, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin ɗari. A kwance man giyar ƙasa, in ya fito fari kamar madara ruwa ya shiga. Injin Legas ruwan gishiri ya sha, sabon fenti na iya ɓoye tsatsa. Kuma kar ka yarda da tayar da inji a cikin duro, a sa jirgin a ruwa da mutane adadin da za ka riƙa ɗauka, ka ga ko yana miƙewa ya kwanta kan ruwa da wuri, yana kuma fitar da ruwan sanyaya inji ba yankewa.

Tunda haya za ka bayar sai ka yi rajista da hukumar NIWA mai kula da hanyoyin ruwa na cikin ƙasa, takardun na da jan rai amma ka daure. Ka ware kuɗin rigar kariya ta kowane fasinja har da ta yara daidai jikinsu, da igiyar kashe inji da direba ke ɗaurawa a hannu, wadda direbobinmu ke naɗewa a jikin makunni wai tana takura musu. Kai ɗan Yauri ne, ba sai na ba ka labarin jirgin da ya nutse kusa da garin Warrah na jihar Kebbi a 2021 ba. In kuɗin bai kai mai ƙafa 19 da waɗannan kaya ba, ka koma wa mai ƙafa 17 ka ce da inji 75 ko 90 kake so, ya rage maka kuɗin 150 ɗin.