Jirage sun daina sauka, filin ya mutu ke nan?

Malam, ka tambaya ko ƙaramin filin jirgi zai rayu bayan kamfanin jigilar fasinja ya janye. Zai iya, amma da wuya.

Kuɗin da jirage ke biya in sun sauka ya yanke, alhali gyaran titin jirgi, fitilunsa da albashin 'yan kwana-kwana suna nan daram. Mafita takan fito daga jigilar kaya, koyar da tuƙin jirgi, ko ajiye jirage da gyaransu, kamar yadda ake yi a filin jirgin Teruel a Sifaniya.

Abin da ke min ciwo shi ne a narka kuɗi a sabon gini, ko a biya kamfani ya dawo. Tallafi na ƙarewa sai ya sake tafiya. Kafin a sa hannu, a nemo masanin sufurin sama ya ƙidaya matafiyan yankin da inda suke hawa yanzu.