Muryar Yaya a guruf: amsar tambaya kan ƙunshin kyauta irin na Japan

Assalamu alaikum, jama'ar gida. Ƙanwata, na ga bidiyon da kika turo, na matar da ta naɗe kwali a ƙyalle ba takarda ba salatif, kina tambayar sunan abin da kuma ko zai yi miki a kyautar amarya. Hannuna da aiki, shi ya sa na yi murya.

Sunansa furoshiki, daga Japan. Furo wanka ke nan, shiki kuma shimfiɗa. A zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, mutum zai je gidan wankan jama'a, ya ƙunshe tufafinsa a ciki kada su haɗu da na wani, in ya fito ya shimfiɗa ya tsaya a kai ya sa kaya. Da leda ta shigo sai aka yi watsi da shi, har 2006 da ministar muhallinsu, Yuriko Koike, wadda daga baya ta zama gwamnar Tokyo, ta fito da wani da aka saƙa daga tsofaffin gorunan roba. Ta laƙaba masa kalmarsu mottainai, wato takaicin da mutum ke ji in ya ga an yi asarar abu mai amfani. Wallahi ina son kalmar nan. Ita nake ji duk ranar da na ga an gama biki, tsakar gida cike da takarda mai walƙiya da aka yage cikin minti ɗaya, gobe tana kwata.

To ga yadda ake yi, ki saurara. Ƙyallen ya zama mai kusurwa huɗu, tsawo da faɗi kusan ɗaya. Mai santimita 70 ya isa kwalin turare ko kwalin takalmin yara, mai 50 na ƙananan kaya ne, mai 90 kuwa har kwalabe biyu yana ɗauka. Ki shimfiɗa shi fuskar a ƙasa, kusurwa ɗaya tana kallonki. Ki aza kwalin a tsakiya. Kusurwar gabanki ki rufa, ki cusa bakinta ƙarƙashin kwalin, ki jawo ta can ta hau kai. Saura biyu, dama da hagu. Kafin ki ɗaga su ki tsuke gefen da yatsa ya kwanta lumui, nan ne kyan yake. Sannan ƙulli: dama kan hagu, sai hagu kan dama. In kika yi dama kan hagu sau biyu, kunnuwan za su karkace kuma zai zame. Wanda aka yi daidai ba ya sakin kaya, amma ja ɗaya ake kwance shi.

Abin da nake so ki riƙe, don Allah kada ki je ki sayi sabon yadi saboda wannan. Ragowar atamfar ankonki tana nan, ki kai wa tela ya kalmashe baki. Ki zaɓi wadda ta sha wanki ta yi laushi, mai kauri ba ta ƙulluwa da kyau. Ai Hajiya ma da ɗankwali take ɗaure kwanon tuwo in za a kai maƙwabta, kuma ɗankwalin yana dawowa. Su ma mutanen Japan a al'adarsu ta asali haka ne: mai kyauta shi ke kwancewa a gaban mai gida, ya miƙa kayan, ya ninke ƙyallensa ya koma da shi. Yanzu ne wasu ke barinsa cikin kyautar.

Na amarya dai ki bar mata, amma ki gaya mata da bakinki cewa na sake amfani ne, kada ta jefa shi ƙasan akwati. Ki turo min awon kwalin anjima in faɗa miki girman da za a yanka.